Farantin da Ya Cika

Auta ta ciro farantan yis daga akwatin ɗumamawa, ta ɗaga ɗaya wajen hasken taga. Fararen ɗigo sun cika shi har baki, alhali ko goma bai kamata a gani ba.

Shekara tara ke nan da yayanta, shugaban ɗakin gwajin, ya wallafa binciken da ya yi masa suna. A cikin yis akwai wani guntun ƙwayar halitta da ake gada, mai kwafar kansa yana cusawa a sabon wuri. Shi Yaya ya nuna cewa wata lanƙwasa a RNA, zaren da ke ɗauke da saƙon guntun, ita ce ke taka masa birki: in tana nan, kwafi kaɗan ne, ɗigo ma kaɗan, faranti kusan wayam. To wannan yis ɗin lanƙwasarsa lafiya lau, ga shi kuma ya cika faranti. Karo na uku ke nan. Na farko da na biyu a shara ta zuba, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta daɗe a ƙofar ofishinsa da farantin a hannu. Mutumin da ya riƙe ta tun rasuwar Baba, shi za ta ce wa ginin da ya yi a kan rairayi yake?

"Auta, kin tsaya kamar wadda aka aiko da sammaci. Shigo mana."

Ta ajiye farantin a gabansa. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Sau nawa?"

"Uku, Yaya." Ta nuna farantin. "Wataƙila hannuna ne."

"Hannunki ya fi nawa tsabta, kin sani."

Suka sake gwajin tare, shi ke zubawa, ita ke rubuta lamba. Kwana biyar na jira abinci bai yi mata daɗi ba, ko ido ba ta iya haɗawa da matarsa. Rana ta shida farantinsa ma ya cika.

Ya zauna gaban kwamfuta zai rubuta wa mujallar da ta wallafa binciken cewa sakamakonsa bai tabbata ba. Yatsunsa suka kasa samun haruffa.

"Zo ki buga," ya ce, "ni zan faɗa."

Ta jawo kujera, ta fara buga abin da yake faɗa.