Wushiryar Halliru

Bakin jikanta ne ya kawo Iya Hureira Kuala Lumpur a shekarar 2007, ita da ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba.

Ɗanta Abdulwahidu a garin nan ya rasu yana koyarwa, shekara shida ke nan. Ɗan fari ne, saboda haka har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba. In yana dariya, ta gefen ido take satar ganin wushiryarsa. Ɗansa Halliru ya ɗauko wushiryar nan sak. Shi kuwa jika ne, ko yini za ta yi tana kallonsa babu mai cewa uffan.

Sana'ar Halliru wasan hoki ne a kan ƙanƙara, cikin wani katafaren kanti. Ɗan gaba ne. Da aka buɗe kakar wasa ya ci biyar a wasa huɗu, sai koci ya sauya masa aiki: ya riƙa tsayawa gaban mai tsaron ragar abokan karawa yana tare masa gani, 'yan ƙungiyarsu na harbo ƙwallo ta inda yake. Ƙwallon kuwa baƙar roba ce mai taurin dutse.

Kwananta tara da sauka, tana zaune wurin kallon wasan cikin rigar sanyi biyu, ƙwallon ta same shi a baki. Haƙoran gaba biyu suka faɗi kan ƙanƙara. Abokansa suka hau buga sanduna suna shewa, kamar an yi haihuwa. Mai goge jinin ne ya miƙo mata haƙoran.

Ranar Litinin da safe ta tasa surukarta Aminatu, uwar Halliru, gaba daga unguwarsu ta Danau Kota har wurin kocin, wani ɗan ƙasar mai furfura.

"Gaya masa," in ji Iya, "ɗan da ke ci musu wasa, shi ne za a kafa kamar turke ana jifa? Don ba shi da uba? Ɗan wa ya tsayar a wurin kafin nawa?"

Aminatu ta yi magana a hankali da Turanci.

"Ke! Na faɗi da yawa, kin faɗi kaɗan. Kada ki sa masa sukari."

"Iya, ya ce ya ba ki haƙuri. Wai wurin nan sai mai zuciya ake sawa. Ƙungiya za ta kai shi likita a sa masa sababbi."

"Sababbi! To ni alkawari nake so. A sa su yadda Allah ya sa na farko, da ƙofar nan a tsakani. In ba haka ba, a nan zan zauna har ya gaji da ganina."

Kocin ya ji bayanin, ya gyaɗa kai. "Boleh," ya ce, wato zai yiwu. Sannan ya ƙwala wa Halliru kira.

Ya zo yana sulu a kan takalman ƙarfe, leɓe a kumbure.

"Maigida, na ƙwato maka haƙƙinka," ta ce. "Za a maido maka da wushiryarka."

Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Hausarsa dama ba ta da ƙwari, ga baki babu haƙora.

"Iya, ni na roƙi koci ya sa ni wurin. Babu wanda ya tilasta ni. Kuma na riga na ce wa likita ya haɗe su. Tun ina firamare yara suke min dariya da ita. Ba na so, lah," ya ƙarasa da irin maganar 'yan ƙasar.

"Ta ubanka ce."

"Na sani. Kullum na duba madubi shi nake gani, Iya. Na gaji."

Aka busa usur, ya taɓa hannunta ya koma cikin fili.

A jirgin ƙasa na komawa gida Iya ta kwance bakin mayafinta, ta zube haƙoran a tafin hannu. Ta jera su, ta ɗan raba tsakaninsu da farce. Jirgin ya girgiza suka haɗe. Ta sake rabawa.

"Abdulwahidu," ta ce a hankali.

Aminatu ba ta taɓa jin sunan a bakin Iya ba. Ta juya fuskarta wajen taga.