Hannun Wannan Riga a Jikin Waccan

Da cikina na uku ya zube, likita ta ce a ɗebi jininmu mu biyu, ni da maigidana. Shi tela ne, don haka da sakamako ya fito sai ta bi da shi ta sana'arsa.

"A kowace ƙwayar jikin mutum akwai zaruruwa arba'in da shida, kiromosom ake ce musu. Biyu daga naka sun yi musayar guntaye, kamar a ɗinka hannun wannan riga a jikin waccan. Babu abin da ya ɓace, shi ya sa kake lafiya lau. Amma rabi kawai ɗa yake karɓa daga uba. Wajen rabon, wani lokaci guntu ya yi yawa, wani lokaci ya gaza, sai ciki ya ƙi zama."

"Nata fa?" ya tambaya.

"Ƙalau suke. Kuma ba laifinka ba ne, haka aka haife ka. Kuna iya dacewa gaba."

Wallahi tausayinsa ne ya fara kama ni. Amma ni ma na sha wuya. Surukata ta gama yawo da ni a dangi, wai mahaifata kwando ce, ba ta riƙe ruwa. A hanya na ce, "Maigida, abu ɗaya nake roƙo. Ka faɗa wa Mama."

Ya ce to.

Bayan kwana kaɗan ina shagonsa ina taya shi sa maɓallai, sai ga surukata da kwalbar wani baƙin jiƙo. Ta ture ƙyallaye, ta zauna a benci, ta tsiyaya a kofi.

"Ungo, 'yata, shanye. Yana ɗaure mahaifa. Ɗana ba zai tsufa babu magaji ba."

Warinsa kaɗai ya isa ya tayar da zuciya. Na riƙe kofin ina kallon maigidana. Ya buɗe baki.

"Mama..."

"Na'am?"

"A'a, cewa zan yi ki gyara, akwai allura a bencin."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba ko a gadon asibiti. Na kafa kai na shanye tas, ban ɗauke idona daga kansa ba.

Ya sunkuya ya hau taka keke da ƙarfi. Babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar.