Wayar Hajiya Bara'atu

Mastura ta yi wata bakwai tana haɗa manhajar Karantina. Taswirar Karantina ce, tsohuwar unguwar Hausawa a ƙasa mai tsarki, kamar yadda take kafin a rushe ta, lungu-lungu, kuma in ka taɓa ƙofar gida sai ka ji muryar wanda ya zauna a ciki. Muryoyin tsofaffi sittin ta ɗauka, har da kakanta Adamu, wanda ya rasu wata biyu bayan ya yi mata bayanin gidansu.

Manhaja ba ta shiga kowace waya haka kawai. Kowane irin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sai an gina masa ƙunshinsa daban. Uku Mastura take ginawa: na kwamfuta, na wayoyin yanzu, da na tsofaffin wayoyi. Na ukun shi ne mai rigima, yau ya ginu, gobe ya ƙi. Mohannad, abokin aikinta a ofishinsu na unguwar Sharafiyya, mutum ne da ya yarda da alƙaluma fiye da idonsa. Ya nuna mata cewa masu irin wannan wayar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ya ce halas, wato shi ke nan, ta goge layin da ke gina na ukun ta huta. Ta goge, kuma gaskiya ta huta.

Abin da su biyun suka manta shi ne yadda waya ke tafiya a gidajensu. Ɗa ya sayi sabuwa ya ba uwa tasa, uwa ta miƙa wa kaka tata. Ɗaya cikin ɗarin nan duk suna zaune a unguwar Madain Fahd, kuma su ne muryoyin da ke cikin manhajar.

Ran Juma'a bayan la'asar Mastura ta je gidan kakarta, Hajiya Bara'atu, da niyyar a yaba mata. Ta karɓi wayar tsohuwar, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ta gwada sau uku. Wayar ta ce ba ta san wannan ƙunshin ba. Mastura ta yi bayanin firosesa, rabi Hausa rabi Larabci, ta ƙare da cewa gobe za ta kawo sabuwar waya. Hajiya ta ce ba ta so, wannan Adamu ne ya jera mata lambobi a ciki, yatsanta ya san wurin kowa.

"Wato Karantina ba ta shiga wayar 'yan Karantina," in ji ta, ta ci gaba da zuba shayi.

Mastura ta ji kunya sosai. Ta mayar da layin da ta goge. Kwana huɗu ta yi tana fama, don wani ɓangaren da ke kunna sauti ya daina goyon bayan tsohon firosesa, sai da ta nemo na shekarun baya ta gina shi da kanta. Mohannad ya ce ɓata lokaci ne, amma shi ya aro mata tsohuwar wayar gwoggonsa ta gwaji.

Da ta koma, manhajar ta buɗe a hankali, kamar mai ciwon gwiwa. Hajiya ta bi lungu da yatsa, ta wuce masallaci, ta taɓa ƙofa. Muryar Adamu ta fito, yana cewa gidansu shi ne na uku, mai shuɗiyar ƙofa.

"Koriya ce," in ji Hajiya. "Shekara arba'in yana shiga, bai taɓa dubawa ba."

Sai ta sake taɓa ƙofar.