Matsarmamar Hasiya

Malam Maniru ya danna yatsu biyu ƙarƙashin haƙarƙarin yarinyar na dama, ya ce ta ja numfashi. Hasiya ta ja rabi, ta ƙwalla ƙara, ta ƙanƙame hannun ubanta.

Uban, Attahiru mahauci, bai ko motsa ba. Tun da hantsi ya goyo ta daga Horo Birni zuwa wannan ɗan ɗakin magani a Shagari, inda kantoci suka yi wayam tun da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu.

"Yaushe rabonta da abinci?" in ji malamin.

"Tun da zazzaɓin nan yak kama ta."

"Ruwa fa?"

"Na hana. Zawo taka yi, Malam. Ka zuba ta sama, shi fita ta ƙasa. Haka munka taras ana yi, a tsai da ruwa har cikin shi ɗaure."

Malam Maniru ya dube shi. "Ka san matsarmama?"

"Ni kaka tambaya? Kullum sai na ɓanɓare ta ga hanta."

"To, tata ce ta kumbura. Ga manya, tsakuwa ke toshe ta. Yara kuwa ba sai da tsakuwa ba. Zazzaɓin hanji ya isa, balle ga ƙishirwa, ga ciki wofi. Ruwan ɗacin ya yi kauri, ya kwanta, jakar ta cika."

Attahiru bai nemi ƙarin bayani ba. Awakin da ake korowa daga Kajiji cikin farin nan, ba ci ba sha, haka yake samun tasu, ta cika fam, fatarta ta yi siriri. Ya kuma san abin da ke samun nama in ta fashe.

Ya zabura ya nufi randa, ya ciko moɗa. Malamin ya riƙe masa hannu.

"Yanzu kam ko ɗigo. Wataƙila sai an tsaga ta a Sakkwato, kuma ciki wofi likitoci suke so. Ƙarin ruwa ta jijiya take bukata, mu ko kwalba ɗaya ba mu da ita. Ku tafi yanzu. A guji ramuka, kada ta fashe."

A bayan a-kori-kura ya rungume ta tsakanin buhunan albasa. Duk ramin da motar ta faɗa, sai ya daki rufin.

"Direba, sannu dai! Ba kaya kaɗai kaɗ ɗauko ba!"

"Baba, ruwa," in ji Hasiya.

"Bari mu kai Boɗinga, ɗiyata."

A Boɗinga masu talla suka yanyame motar, ana ta "ga ruwan sanyi!" Ya juyar da fuskarta cikin rigarsa.

"Bari mu kai Sakkwato."

Suka bar garin. Hasiya ba ta sake roƙo ba. Ya taɓa cikinta, ya ji ya yi tauri kamar allo. Ya gane jakar ta fashe.

Ya daki rufin motar da ƙarfi.

"Direba, bar kauce ma ramukan nan. Taka!"