Tawul Ba Ya Shiga Ruwa

Sumie ta cusa takalmanta cikin akwatin katako, ta zare mabuɗin da ƙarfi kamar wani zai hana ta. Wata tara rabonta da wannan gidan wankan jama'a na unguwarsu, tun da likitoci suka cire mata maman hagu. Yau kuwa ta rantse sai ta shiga, ko kunya za ta kashe ta.

"In kin ji ba za ki iya ba, ki ƙwala min kira ta saman katanga," in ji mijinta Tokuji, yana shirin shiga ɓangaren maza, wanda katangar ta raba da na mata.

"Kai dai je ka wanke sanƙonka."

Bakin ne kawai da ƙarfi. Ta shiga ɓangaren mata, ta cire kayanta. A ciki komai na nan yadda ta bar shi: tururi, ƙarar kwanuka a kan tayil, dutsen Fuji da aka zana a bango, fentinsa duk ya fara ɓarewa. Ta zaɓi 'yar kujerar lungu, ta ba mata baya, ta cuɗa jikinta tas. Sannan ta manna ɗan tawul a ƙirji, ta nufi kwamin ruwan zafi inda kowa ke zama bayan ya gama wanka.

Ta sa ƙafa. Ruwa ya kai mata gwiwa, bakin tawul ɗin na shirin taɓa shi.

"Ke, Sumie!"

Inna Kikue ce, tsohuwar da ta shekara sittin tana wanka a nan. Ba wanda ya naɗa ta mai gadin ruwa, ba kuma wanda ya isa ya musa mata.

"Daga ɓacewar wata tara sai ki dawo mana baƙuwa? Yaushe tawul ya fara shiga ruwa a gidan nan?"

Hira ta tsaya cak. Sumie ta san dokar sarai, ita kanta ta sha yi wa 'yan mata faɗa a kanta. Tsoro ya kama ta, haushin tsohuwar ma ya kama ta. Ga ƙofa nan a bayanta, taku goma bai kai ba.

Ta cije leɓe, ta janye tawul ɗin daga ƙirjinta. Ta ninka shi biyu, ta sake ninkawa, ta ɗora a ka, ta tsaya ƙyam.

Inna Kikue ta ƙare wa tabon kallo. Ba ta kau da kai ba, ba ta ce wayyo ba.

"Kai, likitan nan ya iya ɗinki," ta ce. "Ba kamar mahaucin da ya yi min na ciki ba. To, tsayuwar me kike yi? Zo nan, can ɗin ya cika zafi."

Ta gyara mata wuri a gefenta. Sumie ta zauna, ruwa ya rufe ta har wuya, matan suka koma gulmar mai sayar da kifi.

"Sumie!" Muryar Tokuji ta tsallako ta saman katanga, cike da damuwa. "Mu tafi gida ne?"

"Ka jira ni a waje!" ta ɗaga murya. "Yanzu fa na shiga."