Ina Tantabarun Suka Tafi?

Tun da aka shigo da yaran ɗakin kallo don a gwada musu sabon shiri, marubuciyar take bin su da ido. Su ashirin ne, 'yan aji uku, malamarsu ta jera su a kan darduma gaban babban allo. Ita kuwa ta raɓe a bayan ƙofa, tana murza murfin biro har ya tsage.

Shekara biyu ke nan tana rubuta labarin Ɗan Guguwa, jarumin katun ɗin da yara ke kallo a talabijin duk Asabar. A kowane kashi sai ya nannaushi wani dodo, gari ya tafa masa. A wannan karon ta sauya. Garin bin wani dodon ƙarfe, iskarsa ta rushe akurkin tantabarun amininsa, da aka tambaye shi ya ce ba shi ba ne. Daga nan minti uku cur babu naushi ko ɗaya, yana zaune a bakin matakala ya rasa abin da ke masa daɗi, kafin ya je ya faɗi gaskiya.

Minti ukun nan ne suka haɗa ta da darakta.

"Anti, yaro ba ya zaman makoki gaban talabijin," ya ce mata da safe. "Tashar zai canza. In matar nan ta ce a cire, ni ba ruwana."

Matar nan ita ce wakiliyar gidan talabijin, wadda a bakinta ci gaban shirin yake. Ga ta can a kujerar gefe da littafi a cinya, fuska ba yabo ba fallasa.

Aka kashe fitila. Da dodon ƙarfe ya ɓullo, yaran suka ɗauki ihu. Da akurki ya tarwatse, suka ƙyalƙyale da dariya. Alhali marubuciyar ba dariya ta nufa da wurin ba.

Sai ga matakala. Ɗan Guguwa ya zauna, kiɗa ya lafa. Nan take wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, fitsari."

Wata kuma ta shiga ɓare alewa, ledar na ƙaras-ƙaras. Darakta ya waigo ya harari marubuciyar. Wakiliya ta rubuta wani abu. Marubuciyar ta fara ƙirga daƙiƙoƙi a zuci. Ashe minti uku na da tsawo haka?

"Maƙaryaci kawai!" wata mai giɓi ta faɗa da ƙarfi. "Ai kai ne!"

"Ba da gangan ya yi ba," ta kusa da ita ta kare shi.

"To ya faɗa mana!"

Malama ta yi ta tsawata musu, musu bai mutu ba sai da jarumin ya miƙe ya ƙwanƙwasa ƙofar amininsa. A nan ɗakin ya yi tsit.

Da fitila ta dawo, wakiliya ta durƙusa a gabansu.

"'Ya'yana, wane wuri ya fi burge ku?"

"Dodo!" suka haɗa baki.

Darakta ya ɗaga kafaɗa. Har malama ta fara tashin su, sai mai giɓin nan ta cije.

"Anti, tantabarun fa? Sun dawo?"

Wakiliya ta juyo wajen marubuciyar. Duk suka juyo. Sau tara marubuciyar ta gyara rubutun nan, kullum hankalinta na kan jarumin da ƙaryarsa. Tantabaru sun tashi sama, ita ma ta manta da su.

"Ban sani ba tukuna," ta ce a sanyaye.

Ɗakin ya kaure. Wannan ta ce dodo ya cinye su, waccan ta ce suna kan bene. Wata har idonta ya ciko, ta ce ƙaramar farar ba ta iya tashi sosai ba, ita ta gani.

Bayan an fita da su, wakiliya ta rufe littafinta.

"Zaman matakalar nan ya yi tsawo, a rage rabin minti. Sauran a bar shi. Amma ba zan sa shi a tasha ba sai an faɗa wa yaran nan makomar tsuntsayen. Ina son gani ranar Alhamis."

Ga shi kuwa ranar Litinin ce, saura kwana uku. Marubuciyar ta haura sama wurin mai zane, wanda suke kira Dogo, ta tarar yana cin biredi a kan teburinsa.

"Dogo, tantabaru nawa ka zana?"

"Sha ɗaya. Lafiya dai?"

"Dukkansu nake so su dawo. Amma fara nuna min farar, an ce ba ta iya tashi."

Ya ajiye biredin, ya dafe kai.

"Anti, kuskure na yi a fiffikenta. Na ɗauka ba mai lura."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"To kada ka gyara, yara sun riga sun lura. Mayar mana da hoton inda suka tashi, mu fara daga nan."