Tsumman Cikin Leda

"Riƙe min bakin ledar nan, Tela."

Na riƙe. Baba Akawu ya ɗaga murfin firintarsa, ya ciro robobin tawada guda biyu, ya kwantar da su cikin ledar a hankali kamar ƙwai. Sai ya jiƙa ɗan tsumma, ya matse, ya ajiye a gefensu cikin ledar.

"Kar ya taɓa bakin robar. Danshin kawai ake so, don kar tawadar ta bushe."



Shekara tara ƙofarmu na kallon juna, ni da keken ɗinkina, shi da firintarsa. Tun da ya yi ritaya shi ke buga wa layinmu takardu, ya gyara maka rubutun, ya haɗa maka da faɗa kyauta. Sau uku ana kwantar da shi a asibiti, bai taɓa cire robobin nan ba. Makulli yake miƙo min, duk Asabar in shiga in buga shafi ɗaya, wai tawada in ba ta motsa ba toshewa take. Shafin kuwa kullum ɗaya ne: hoton marigayiya matarsa.

Na taɓa tsokanarsa. "Baba, duk duniya ba wani hoton sai na Mama?"

"Ke, aiki ne. Zaninta ne ya haɗa ja da shuɗi da rawaya da baƙi. Kowace kala sai ta fito."

Wai aiki. Na ƙyale shi.

Yau kuwa ga shi yana ƙulle leda. Na ce, "Baba, ni na ce maka na gaji? Mayar da su. Asabar zan shigo kamar kullum."

"Wancan na mai saurin dawowa ne, 'yar nan."

"To, kai ma saurin dawowa za ka yi."

Ya danna maɓallin kashewa, ya kasa kunne har abin cikin ya gama ƙugi ya koma mazauninsa, sannan ya zare waya daga bango. "Kin gani? Ba a fizge mata wuta tana tsakiyar tafiya. A bar ta ta kai gida tukuna." Ya kwashe takardun, ya goge ƙura, ya rufe ta da rigar da na ɗinka mata da ragowar yadi. Da farko ya ce rigar ta yi kama da ta 'yar tsana, amma shekara shida bai canza ta ba.

Raina ya ɓaci, wallahi. Da direban da zai kai shi asibiti ya zo, ko jakarsa ban ɗauka ba, ina tsaye ina cika ina batsewa. Ya leƙo ta tagar mota yana dariya. "Ji fuska. Allah ya shirye ki, Tela."

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar sa zif, 'yarsa ta kira ni, ta ce ya rasu. Har yanzu abin na ci na, yadda ban ɗauki jakar nan ba.

Bayan sati 'yar ta zo kwashe kaya. Ta nuna firintar da kwamfutar. "Yaya, ya ce naki ne. Wai ke kaɗai kika iya kashe ta."

Na kawo su ɗakina. Da Asabar ta zo, na kwance ledar. Tsumman bai ko bushe ba. Na daɗe zaune da shi a tafin hannuna.

Na mayar da robobin, na kunna, na danna hoton da na saba. Takardar ta fara fitowa kaɗan-kaɗan: ɗankwali, murmushin Mama, zanin nan mai kala huɗu, ba inda ya toshe. Na buga hoton nan ya fi sau goma, kullum kala nake dubawa. Sai yau na lura da gefen dama, inda aka yanke shi. Akwai hannu a kafaɗarta, da tsohon agogon nan na Baba mai baƙar igiya.

Na jingina takardar jikin keken ɗinki, da sauran ɗuminta.